Yaƙin Rasha Da Yukren: Yadda Aka Tunkari Ƙarya Da Barkwanci A Intanet

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana fatauci tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko kuma Gaya da Malanbil, ya san cewa labari ya fi mota gudu. Kafin tirelar kaya ta iso tasha, maganar an rufe iyaka, ko an tare hanya, ko kuɗi zai faɗi, ta riga ta zagaye rumfuna, kuma kafin a tantance gaskiyarta farashin buhu ya motsa, 'yan canji sun sake lissafi. A da direbobi da 'yan kamasho ne ke kawo mana irin wannan labari, ana iya tsayar da mutum a tambaye shi inda ya ji. A yau kuwa labarin a aljihunmu yake kwana, ya shigo ta WhatsApp ko Facebook ko TikTok, da hotonsa da muryarsa, ba a san wanda ya ƙirƙiro shi ba balle a tuhume shi.

Lamarin ya fi muni a lokacin yaƙi ko rikici, domin a sa'ilin ƙarya takan zama sana'a, da ma'aikatanta da kuɗin da aka ware mata. Mun ɗanɗana haka bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 a Nijar, lokacin da ƙungiyar CEDEAO, wadda a Najeriya ake kira ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyakoki, sannan tsofaffin hotunan sojoji da na jiragen yaƙi suka yi ta yawo a wayoyi ana cewa an fara kai hari. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba wata dabara da ta fito fili a yaƙin Rasha da Yukren, wato yadda talakawa suka riƙa tarar labarin ƙarya da dariya. Shi dai wannan yaƙi ba baƙo ba ne a kasuwanninmu, domin kafin 2022 ƙasashen biyu ne ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya, Rasha kuma tana kan gaba wajen takin zamani. Mai sayar da fulawa da mai gidan burodi da manomi duk sun ji a jikinsu.

Bidiyon jabu da ya zama abin dariya

Rasha ta afka wa Yukren a ranar 24 ga Fabrairun 2022, kuma tun a kwanakin farko aka baza labarin cewa Shugaba Bolodimir Zelenski ya tsere daga Kiyef, babban birnin ƙasar. A daren ranar 25 ga watan sai ga shi ya fito kan titi tare da firaministansa da wasu manyan muƙarrabansa, ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyon kansu, yana nuna su ɗaya bayan ɗaya yana cewa ga su nan ba inda suka je. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, amma ya wadatar. Shi Zelenski dama ɗan wasan barkwanci ne kafin ya shiga siyasa. Daga 2015 ya riƙa fitowa a wani wasan kwaikwayo na talabijin a matsayin malamin makarantar da ya wayi gari shugaban ƙasa, sannan a 2019 ya ci zaɓe na gaske da kusan kashi 73 cikin 100 na ƙuri'u. Saboda haka ya san darajar gajeriyar magana da kuma lokacin da ya kamata a yi ta.

A ranar 16 ga Maris na shekarar aka sake gwada wata dabara. An fitar da bidiyon da aka haɗa da kwamfuta, inda aka nuna Zelenski yana umartar sojojinsa su ajiye makamai su koma gida. Masu kutse sun kuma shiga tashar talabijin ta Ukraine 24 suka rubuta saƙon a ƙasan allo. Da a ce sojan da ke bakin daga ya yarda da wannan bidiyo ko na awa guda ne, da an yi asarar garuruwa. To amma abubuwa biyu suka hana. Na farko, tun kimanin mako biyu kafin nan mahukuntan ƙasar sun gargaɗi jama'a cewa irin wannan bidiyo na nan tafe. Na biyu, aikin bai yi kyau ba: kan ya fi ƙarfin jikin, launin fuska daban na wuya daban, murya kuma ba tasa ba. Maimakon firgita, sai jama'a suka mayar da shi abin tsokana, suna jera shi da hoton gaske suna dariya. Zelenski da kansa ya fito ya kira abin tsokanar yara, ya ce sojojin Rasha kaɗai zai ba shawarar ajiye makami. Facebook da YouTube suka cire bidiyon.

A daidai wannan lokaci ne kuma hotunan manoman Yukren suka cika intanet, ana ganinsu suna jan tankokin yaƙin Rasha da aka watsar da tarakta, kamar mai jan kaya zuwa kasuwa. Rasha ta shiga yaƙin ne da kwarjinin ɗaya daga cikin manyan rundunonin duniya, kuma kwarjinin kansa makami ne, domin wanda ya yarda ba zai iya ba ya riga ya faɗi. Hoton tarakta gaba tanka a baya ya rage wannan kwarjini fiye da yadda doguwar sanarwar gwamnati za ta yi. Har hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga kan sarki mai ɗauke da hoton a watan Yulin 2022.

Rundunar karnukan zane

A watan Mayun 2022 wani mai zane a dandalin Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, ya fara zana wa mutane hoton wani irin kare ɗan ƙasar Japan da ake kira Shiba Inu, sanye da kakin soja ko kwat ko duk tufafin da mutum ya zaɓa. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya nuna shaidar ya ba da gudummawar kuɗi ga masu yaƙi a ɓangaren Yukren. Waɗanda suka samu sai su sa hoton a matsayin fuskarsu a dandalin. Sun kira kansu NAFO, wato kwaikwayon sunan ƙungiyar tsaro ta NATO don raha. Ba su da ofis, ba su da albashi, ba kuma wanda ke ba su umarni. Aikinsu shi ne duk inda wani jami'i ko ofishin jakadancin Rasha ya wallafa wata magana a kan yaƙin, sai su yi masa caa da hotunan barkwanci da shaguɓe.

Abin da ya fito da su duniya ya faru ne a watan Yunin 2022, lokacin da Mikhail Ulyanob, wakilin Rasha a hukumomin duniya da ke birnin Biyana, ya tsaya musayar yawu da ɗaya daga cikinsu a kan dalilin yaƙin. Da aka matsa masa sai ya mayar da martanin cewa abokin gardamar ne ya furta shirmen, ba shi ba. Nan take aka ɗauki wannan jimla aka buga ta a riguna da kofunan shayi ana sayarwa, ta zama taken ƙungiyar. Abin da duniya ta gani shi ne babban jami'in diflomasiyya yana cacar baki da zanen kare. A ƙarshen watan Agustan shekarar, ministan tsaron Yukren na lokacin, Oleksi Reznikob, ya sauya hotonsa na dandalin zuwa na irin wannan kare don gode musu, a watan Yulin 2023 kuma suka yi taro a Bilniyus, babban birnin Lituweniya.

Me ya sa dariya take ci?

Dalilin farko shi ne lissafin riba da faɗuwa, wanda kowane ɗan kasuwa zai gane. Ƙirƙirar ƙarya ba ta da tsada, minti biyar ya isa. Ƙaryata ta kuwa sai an yi bincike, an nemo hoton asali, an tuntuɓi masana, kuma kafin a gama maƙaryacin ya sake sako wasu goma. Idan aka biye masa a haka, kullum shi ne da riba. Masu barkwanci sai suka juya cinikin: su ma minti biyar ya ishe su, shi kuma jami'in idan ya amsa ya zubar da girmansa, idan ya yi shiru ya bar musu fili.

Dalili na biyu shi ne gudu. Wani bincike da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018, bayan sun bi diddigin labarai kimanin 126,000 a Twitter, ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya takan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Mutane sun fi tura abin da ya ba su mamaki ko tsoro. Abu guda da ke iya tsere da tsoro a wannan fage shi ne dariya, domin ba wanda ke tura doguwar sanarwar ma'aikata ga abokinsa, amma kowa na tura abin da ya sa shi ƙyaƙyatawa.

Dalili na uku shi ne wanda aka yi wa dariya sau ɗaya, da wuya a sake jin tsoron maganarsa. Masu sauraren rediyo ba za su manta da Muhammad Sa'id al-Sahhaf ba, ministan watsa labaran Iraƙi, wanda a watan Afrilun 2003 ya tsaya gaban 'yan jarida yana musanta cewa sojojin Amurka sun shiga Bagadaza alhali tankokinsu na cikin birnin. Daga ranar ya zama abin misali. Dabarar ma ta girmi intanet. A yaƙin duniya na biyu, sashen Jamusanci na BBC ya riƙa watsa wani shiri na wasiƙun wani kofur na ƙage mai suna Adolf Hirnschal zuwa ga matarsa, inda yake yabon Hitila yabon da ke tona wautar mulkinsa. Jamusawa sun riƙa saurare a ɓoye, duk da cewa tun 1939 doka ta haramta kama tashoshin waje.

Akwai kuma misalin da ya fi kusa da sana'armu, ko da yake ba na yaƙi ba ne. A farkon 2020, lokacin annobar korona, jita-jita ta bazu a Taiwan cewa takardar bayan gida za ta yanke saboda wai da kayan haɗa ta ake yin takunkumin rufe hanci. Jama'a suka afka wa kantuna. Sai firaministan lokacin, Su Tseng-chang, ya fitar da zanen kansa ya juya baya, da rubutun cewa kowa dai mazauni ɗaya gare shi. A ƙasan zanen kuma aka sa ɗan jadawali mai nuna cewa kayan haɗa abubuwan biyu daban ne, kuma daga wurare daban ake samo su. Mutane suka yi ta turawa don dariya, jadawalin na biye da ita, rububin ya lafa. A nan ne asirin yake: barkwancin dako kawai ya yi, kayan da ya ɗauko gaskiya ce da kowa zai iya dubawa.

Wuƙar tana da baki biyu

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya ba shi dariya mai gaskiya ne. Ɓangaren Yukren ma ya yaɗa abin da ba haka yake ba. A makon farko na yaƙin an yi ta yayata wani matuƙin jirgin yaƙi da aka laƙaba wa suna Fatalwar Kiyef, wai shi kaɗai ya kakkaɓo jiragen Rasha masu yawa. Wani bidiyon da aka riƙa turawa a matsayin shaida daga wasan kwamfuta aka ciro shi, kuma a ƙarshen Afrilun 2022 rundunar sojan saman ƙasar ta fito ta ce babu wani mutum guda mai wannan suna, almara ce. Haka nan masu gadin wani ɗan tsibiri a Bahar Aswad su 13, waɗanda suka mayar wa jirgin ruwan yaƙin Rasha mai suna Moskba da zagi lokacin da ya nemi su miƙa wuya. An sanar da duniya cewa duk sun mutu, daga baya ta bayyana suna raye a hannun Rasha. Wannan bai hana zagin nasu zama take ba, har aka buga kan sarki a kansa ranar 12 ga Afrilu, kwana biyu kafin jirgin ya nutse. Su ma 'yan NAFO an zarge su da yin taron dangi a kan duk wanda ya saɓa musu ko da ba ɗan farfaganda ba ne, kuma a 2023 wasunsu sun mayar da mutuwar wani matashi ɗan Rasha da kifi ya kashe a gaɓar tekun Masar abin raha, lamarin da ya jawo musu suka.

A yankinmu na Sahel ma an yi amfani da wannan makami, kuma manyan ƙasashe ne ke wasa da shi. A watan Disamban 2020 kamfanin Facebook ya sanar da rufe wasu shafukan bogi da ke aika saƙonni zuwa ƙasashe irin su Mali da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wasu masu alaƙa da Rasha, wasu kuma da mutanen da ke da alaƙa da rundunar sojan Faransa, kowane ɓangare na shigar burtu a matsayin ɗan Afirka yana ƙaryata ɗayan. Tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023 kuma aka ga zane-zane masu motsi suna yawo, wani ya nuna Faransa a siffar ɓera mai satar abinci, wani a siffar ƙwarangwal, sojan haya na Wagner kuma a matsayin mai ceto. Ko wane ra'ayi mutum ke da shi a kan Faransa ko Rasha, ya dace ya san cewa wanda ya biya kuɗin zanen yana da abin da yake nema.

Tarihi ya nuna inda abin kan kai idan aka sake masa linzami. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda ya samu farin jini ne da kiɗa da raha da barkwancin masu gabatarwa, a cikin rahar kuma yake kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. A 1994 aka kashe mutum kimanin 800,000 cikin kwana 100, a 2003 kuma kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure wasu daga cikin waɗanda suka kafa gidan. Ko ba da mugun nufi ba, wasa kan rikiɗe idan ya bar hannun mai shi. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha ya zagaye Najeriya cikin dare guda, rahotanni suka nuna da wasa aka fara shi, amma aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama aka kwantar da su a asibiti.

Abin da ya rage gare mu

Mu dai ba a koya mana wasa. Tsakanin Fulani da Barebari, Gobirawa da Zabarmawa, Kanawa da Zazzagawa, akwai wasan da ya daɗe yana kashe wutar faɗa a kasuwa da tasha, har hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Wasan nan yana da ƙa'ida: ido da ido ake yinsa, an san mai yi an san wanda ake yi wa, kuma ba a kai shi ga zubar da jini ko cin mutuncin gawa. Barkwancin waya ba shi da wannan shinge, sai wanda mai riƙe da wayar ya kafa da kansa.

Saboda haka shawararmu ga 'yan uwa ita ce a ɗauki labarin waya kamar yadda ake ɗaukar buhun da baƙon dillali ya kawo. Ba wanda ke biyan kuɗi bai soka ya ga abin da ke ciki ba, komai daɗin bakin dillalin. Idan saƙo ya zo yana cewa an rufe iyaka ko an kai hari a hanya kaza, a kira direba ko abokin ciniki da ke wurin, tunda kuɗin kira bai kai asarar karyar da kaya ba. A duba ko hoton yana da rana da wuri, a jira labaran rediyo na gaba, a kuma tuna akwai masu aikin tantance labarai irin su Africa Check da Dubawa. Sannan a tambayi kai wa zai ci riba idan kasuwa ta firgita, domin sau da yawa mai cewa kaya zai yanke shi ne mai kaya a sito.

Idan kuma an tabbatar labarin ƙanzon kurege ne, to a nan dariya ke da amfani. Wanda ya turo wa zauren 'yan kasuwa bidiyon shekara biyar da ta wuce yana cewa na yau ne, ba sai an zage shi ba. A tsokane shi yadda ake tsokanar taubashi, a haɗa masa da hoton asali da ranar da aka ɗauke shi, kowa ya gani. Gobe zai duba kafin ya tura, sauran 'yan zauren ma haka. Masu iya magana sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a kasuwa kafin furen ya kaɗe wani ya riga ya sayar da gerensa a faɗuwa. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, ya ba da kasuwa mai albarka.